Tafiyar Keke A Tsibiran Shetland, Gidan Tsuntsun Fafin

Idan mai karatu ya ɗauki taswirar Birtaniya ya bi ta da yatsa ya nufi arewa, ya wuce Ingila, ya ratsa Sikotlan har ƙasa ta ƙare, to kada ya tsaya, ya ci gaba da tura yatsan nan cikin ruwa. Can gaba zai tarar da waɗansu tsibirai a warwatse, kamar an watsa wa kaji tsaba. Su ne ake kira Shetland. Saboda nisansu, masu zanen taswira sun daɗe suna ɗauke su daga inda Allah ya ajiye su, suna cusa su cikin wani ɗan akwati a gefen shafi don tattalin takarda. Wannan abu ya yi ta ɓata wa mutanen wurin rai, har a shekarar 2018 majalisar dokokin Sikotlan ta umurci hukumomin gwamnati su riƙa nuna tsibiran a mazauninsu na gaskiya.

Tsibiran sun kai ɗari, amma 16 ne kaɗai ke da mutane, jimillarsu kuwa wajen 23,000, watau ba su kai jama'ar wata babbar unguwa ɗaya ta birnin Kano ba. Tumaki sun ninka su sau da yawa. Babu inda mutum zai tsaya a ƙasar ya ce ya yi nesa da teku fiye da mil uku. A da can mallakar Sarkin Danmak da Norwe ce. A 1469 Sarki Christian na Ɗaya ya aurar da 'yarsa Margaret ga Sarkin Sikotlan James na Uku, kuɗin da ya yi alkawarin zai haɗa ta da su, irin abin da mu muke kira gara, suka gagara, sai ya ba da tsibiran jingina. Har yau ba a fanshe su ba. Shi ya sa akasarin sunayen ƙauyukansu da duwatsunsu daga bakin mutanen Norwe suka fito, kuma nisan Lerwick, babban garinsu, zuwa Bergen ta Norwe kusan ɗaya ne da nisansa zuwa Abadin ta Sikotlan.

Daga Abadin ɗin ake shiga jirgin ruwa da yamma, a kwana ana tafiya, awa 12 idan ya miƙe, 14 idan ya biya ta tsibiran Orkney, a sauka Lerwick da sassafe. A ƙarshen watan Yuni ni da abokin tafiyata muka tura kekunanmu cikin jirgin tare da manyan motocin kaya. Kowane keke yana ɗauke da jakunkuna huɗu, ciki akwai tanti, da bargon kwana, da ɗan risho, da tukunya, da kayan faci, da shinkafa, ni kuma har da ƙullin yaji. Niyyarmu ita ce mu fara gangarawa Sumburgh, ƙarshen ƙasar ta kudu, sa'an nan mu juyo mu yi arewa har Hermaness, inda ƙasar Birtaniya duka ta ƙare. Tsakanin wuraren nan biyu mil 80 ne da 'yan kai, bai kai Kano zuwa Zariya ba. Mai mota yakan gama a yini guda. Mu kwana tara muka yi.

Na san akwai wanda zai yi dariya, domin a wajenmu keke abin hawan wanda bai sami babur ba ne tukuna. A can kuwa sai ka ga likita ko malamin jami'a ya ɗauki hutu, ya kulle motarsa a gida, ya labta wa keke kaya ya shiga duniya. Bayan na gwada, na ga suna da hujja. Mai keke ba ya da ƙarar inji, saboda haka yana jin kukan tsuntsu kafin ya gan shi, kuma duk inda abu ya ɗauki hankalinsa sai ya taka birki ya sa ƙafa ƙasa. Amma fa akwai farashi, farashin kuwa iska ce. Shetland kusan ba ta da itatuwa, sai 'yan ƙalilan da aka dasa a bayan katangu, saboda haka babu abin da ke tare iskar da ta taso tun daga tsakiyar Tekun Atlantika. Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. Mai keke da jakunkuna huɗu, mai kayan kara ne. Akwai gangaren da muka sauka muna taka feda da ƙarfi kamar muna hawan tudu, akwai kuma yinin da ta zo mana ta baya, muka yi mil goma ba mu san mun yi ba.

FAFIN A SUMBURGH

Daga Lerwick zuwa Sumburgh mil 25 ne. Dab da ƙarshe hanyar mota tana ratsa tsakiyar titin saukar jiragen sama, idan jirgi zai sauka sai a sauke shinge a tsai da motoci, kamar yadda ake yi a mahaɗar jirgin ƙasa. A nan kusa kangon Jarlshof yake, inda masu tonon tarihi suka sami gidaje a kan gidaje na mutanen da suka zauna wurin a tsawon shekara 4,000. Daga nan sai hawa, har zuwa kan wani tsauni da ya shige cikin teku, inda Robert Stevenson ya gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa a 1821. Muka jingine kekuna a jikin katangar dutse, muka leƙa ta bayanta, sai ga abin da ya kawo mu, a tsaye, bai fi taku uku daga gare mu ba.

Tsuntsun nan Turawa suna kiransa fafin, mutanen Shetland kuwa suna ce masa tami nori. Wanda ya saba ganinsa a hoto yakan ɗauka babba ne, alhali tsayinsa bai cika ƙafa ɗaya ba, nauyinsa kuma bai kai rabin kilo ba. Bayansa baƙi ne ƙirin kamar ya yafa alkyabba, ƙirjinsa fari fat, fuskarsa fara-fara, idanunsa kamar an ja masa kwalli, ƙafafunsa kuma jajaye sai ka ce ya kwana da lalle. Bakin shi ne abin kallo: faffaɗa ne kamar na aku, da ratsin ja da rawaya da shuɗi-shuɗi. Yana tafiya a miƙe, yana 'yar rangaji, kamar dattijon da ya fito zagayen gona. Masana sun laƙaba masa sunan Latin mai ma'anar ƙaramin ɗan'uwa na arewa, saboda kamanninsa da sufayen Kirista na Turai masu baƙar riga.

A sama ba gwani ba ne. Fukafukansa gajeru ne, sai ya kaɗa su har sau 400 a minti guda kafin ya tsaya a iska, idan ya zo sauka kuwa sau da yawa sai ya wuntsila a kan ciyawa, ya miƙe ya dubi hagu da dama kamar ba shi ba. A cikin ruwa ne ake sanin ko shi wane ne. Da fukafukan nan yake iyo, yana iya nutsawa kusan ƙafa 200 yana bin kifi. Rufin bakinsa yana da 'yan ƙayoyi masu kallon ciki, sai ya danne kifin da ya kama da harshe a jikinsu, ya sake buɗe baki ya kama wani ba tare da na farko ya suɓuce ba. Ta haka yake dawowa da 'yan kifaye kamar goma jere a gicciye a bakinsa, suna ƙyalli kamar azurfa. An taɓa ƙirga fiye da 60 a bakin tsuntsu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, fafin baƙo ne a tudu. Wata takwas na shekara yana tsakiyar teku shi kaɗai, a kan ruwa yake ci, a kan ruwa yake barci. Sai watan Afrilu ya zo gaɓa, ya nemi ramin da ya yi amfani da shi bara, a bakin ramin kuma yakan tarar da matarsa ta bara, su yi ta goga baki da baki suna gaisawa. Ramin a cikin ƙasa mai ciyawa yake, a leɓen tsauni, tsawonsa kamar kamu biyu ko fiye, wani su suke haƙawa da baki da farce, wani kuma na zomo ne suka gada. Ƙwai ɗaya tak macen take yi a shekara. Su yi kwanci bi da bi wajen mako shida, su ciyar da ɗan tsakon wajen wani mako shida. Ran da ya isa, cikin dare zai fito shi kaɗai, ba uwa ba uba, ya faɗa teku, ba zai sami nasa ramin ya yi aure ba sai ya kai shekara biyar ko kusa da haka. Yakan rayu shekara 20, waɗansu har su haura 30. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na ƙwai ɗaya a shekara, za mu komo gare shi.

INDA DARE YA YI MAKA

Tambayar da aka fi yi mini bayan na dawo ita ce, a ina kuke kwana? Amsar ita ce, inda muka ga dama, kuma da izinin doka. A 2003 majalisar Sikotlan ta zartar da dokar gyaran mallakar ƙasa, wadda ta fara aiki a 2005. Dokar ta ba kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, ikon ya bi ta kusan kowace ƙasa da ƙafa ko da keke ko da doki ko da kwalekwale, ya kuma kafa tantinsa ya kwana, ko da ƙasar tana da mai ita. Mota ba ta cikin wannan alfarma. Sharuɗɗan ba su da wuya: ku kasance kaɗan, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, ku nisanci ƙofar gidajen mutane, kada ku shiga shuka ko garken da aka killace, ku haƙa rami ku binne bayan gida nesa da ruwan sha, idan kun tashi kuma kada ku bar kome, ko da ƙwayar ashana. A Ingila, maƙwabciyarsu, ba haka abin yake ba. Can sai da yardar mai ƙasa, in banda dajin Dartmoor, shi ma sai da aka kai har kotun ƙoli, ta tabbatar da haƙƙin a 2025.

Duk dokar a kan amana ta tsaya, domin babu ɗan sandan da zai bi ka bayan dutse ya ga abin da ka yi. Amanar kuwa na gan ta a wani wuri ma. A bakin hanyoyin Shetland akwai 'yan akwatuna da tsofaffin firji da matan ƙauye suke ajiye ƙwai da burodi da kek a ciki, ga farashi a rubuce, ga gwangwanin kuɗi, babu mai tsaro. Ka ɗauka, ka ƙirga, ka zuba, ka ɗauki canjinka da hannunka. Ba zan ce kome ba a kan wannan, mai karatu ya yi nasa tunani.

Darenmu na biyu mun yi shi ne a gefen tsibirin St Ninian, wanda wata siririyar hanyar farin yashi mai tsawon yadi 500 da wani abu ta haɗa shi da babbar ƙasa, teku a dama, teku a hagu. A kangon wata majami'a da ke tsibirin ne wani ɗan makaranta ya tono kayan azurfa guda 28 a 1958, waɗanda aka binne fiye da shekara dubu da suka wuce. Kafa tanti a irin wannan wuri sana'a ce. Sai ka nemi bayan wani tudu ko tsohuwar katanga, ka juya wa iska ƙeyar tantin, ka kafa kowane turke har ƙarshe, ka ɗora masa dutse. Ruwan rafukan ja ne kamar shayi saboda irin ƙasar da ya ratso, sai an tafasa. Itacen wuta babu, sai risho. Amfanin iskar ɗaya ne, tana korar 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu cizo da suka addabi masu kwanan daji a sauran Sikotlan.

Na ce dare, amma a watan Yuni sunan ne kawai. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma da rabi, kafin ƙarfe huɗu ta sake fitowa, tsakanin nan kuma wani haske ne kamar na bayan magariba, wanda mutum zai iya karanta jarida da shi a waje idan babu gajimare. Ga Musulmi matafiyi nan akwai magana, domin jan shafaƙi bai gushe ba alfijir yake ketowa. Malamai sun yi bayani a kan irin waɗannan ƙasashe, mai niyyar zuwa sai ya tambaya tun kafin ya tashi.

A cikin wannan ɗan duhu ne ake zuwa tsibirin Mousa. Ƙaramin jirgi yakan kwashi mutane daga Sandwick da dare ya kai su gindin wata hasumiya da aka jera da duwatsu ba laka ba siminti, tsayinta ƙafa 43, shekarunta sun haura 2,000. A cikin ramukan bangonta waɗansu 'yan baƙaƙen tsuntsayen teku suke sheƙa, girmansu bai fi na gwara ba. Ba sa kusantar tudu da rana don tsoron manyan tsuntsaye, sai tsakar dare su taso daga teku kamar jemagu, waɗanda ke cikin bango suna amsa musu da wani irin gurnani, har ka ji kamar ginin ne da kansa yake numfashi. Idan kaka ta yi, 'yan abubuwan nan sukan bi gaɓar Afirka har tekun kudancinta.

HANYAR AREWA

Daga Lerwick zuwa arewa hanyar kwalta ce sumul, mai faɗi, wadda ta fi ƙarfin yawan motocin da ke binta. Dalilin yana Sullom Voe, tashar man fetur da muka hango harshen wutarta daga kan tudu. Lokacin da aka gano mai a Tekun Arewa, ƙaramar hukumar Shetland ba ta bari kamfanoni sun sauka yadda suka ga dama ba. Ta nemi doka ta musamman daga majalisar Landan, ta samu a 1974, ta tilasta musu su taru a tasha ɗaya, su kuma riƙa biyan diyyar damun jama'a. Mai ya fara isowa a 1978. Kuɗin aka tara a asusu, da su aka yi gidajen kula da tsofaffi da wuraren wasanni har a ƙananan tsibirai. Ɗaya daga cikin bututun da suka shigo tashar daga rijiyoyin Brent ya taso, sunan nan da muke ji kullum a rediyo, wanda da farashinsa ake auna kuɗin ɗanyen man Nijeriya. Rijiyoyin sun daina aiki a 2021, suna ya rage. Brent ɗin ma sunan wata irin dinya ce ta ƙasashen sanyi. Man bai zo musu kyauta ba: a Janairun 1993 jirgin dakon mai Braer, wanda wucewa kawai yake yi daga Norwe, ya daki duwatsu kusa da Sumburgh, ya zubar da tan kusan 85,000. Yanzu kuma a kan tuddan da hanyar ta ratsa an kakkafa manyan fankoki 103 masu samar da lantarki daga iska, aikin da aka gama a 2024, wanda har yau ya raba kan mutanen tsibiran.

A Toft ake shiga jirgin fito na minti 20 zuwa tsibirin Yell. Yell mil 18 ne na baƙar laka mai danshi, irin wadda suke yankawa kamar tubali su shanya su yi makamashi da ita. Masu mota sukan wuce a guje don kada jirgin gaba ya bar su. Mu muka ratse zuwa Gloup, wani ɗan ƙauye a can ƙuryar arewa, inda aka kafa mutum-mutumin wata mace riƙe da ɗanta tana duban teku. A watan Yulin 1881 guguwa ta auka wa masunta suna can nesa cikin buɗaɗɗun jirage masu matuƙa shida, jirage 10 suka nutse, mutum 58 suka halaka, yawancinsu daga wannan yanki. A zamanin nan talaka ba shi da zaɓi. Ƙasar ta masu gari ce, wanda ya ƙi fita su ya sayar wa mai ƙasa kifin a farashin da ya yanka, sai a tashe shi daga gidansa. Waɗansu ma an tashe su ne kawai don a sami wurin kiwon tumaki. Sai a 1886 aka yi dokar da ta hana korar ƙananan manoma haka siddan. Kangayen gidajensu suna nan birjik a gefen tuddai, ba rufi, tumaki na kwana a ciki. A bayan irin wannan kango muka kafa tanti a daren nan, ni baƙo daga wata nahiya, doka ta ba ni ikon kwana a inda masu gidan ba su sami ikon zama ba.

Wani fiton na minti goma ya kai mu Unst, tsibiri na ƙarshe mai mutane. Kusa da Baltasound akwai wata rumfar jiran bas da mutanen gari suka ƙawata da kujera da labule da littattafai, kowace shekara da irin adonta. A gabashin tsibirin kuma an gina tashar harba rokoki zuwa sararin samaniya, wadda ta sami lasisi a ƙarshen 2023. Ba waɗannan suka kawo mu ba, muka wuce.

Kwalta tana ƙarewa a Burrafirth. Nan ake ajiye keke a taka da ƙafa wajen awa guda, a kan katakon da aka shimfiɗa bisa fadama, har ƙasa ta yanke a gabanka farat ɗaya. Wannan shi ne Hermaness. Tsaunin ya yi fiye da ƙafa 500 a tsaye, teku na tafasa a ƙasa. Duwatsun da ke cikin ruwa sun yi fari fat kamar an shafa musu farar ƙasa, ashe tsuntsaye ne da kashinsu, dubban ganet, wani farin tsuntsu mai kama da balbela amma ya ninka ta, wanda yake naɗe fukafukai ya faɗo ruwa daga sama kamar mashi. Warin wurin da hayaniyarsa sukan riga ganinsa isowa. Can arewa ga hasumiyar Muckle Flugga a kan wani tsiron dutse, wadda Thomas da David Stevenson, 'ya'yan mai ginin Sumburgh, suka fara kunna wa fitila a 1854. Mutane sun yi ta tsaronta har 1995, aka mai da ita mai kunna kanta. Bayanta sai wani dutse guda, daga shi babu sauran Birtaniya. Wurin ba na wasa ba ne. A guguwar sabuwar shekarar 1992 iska ta ɗauke bukkar masu kallon tsuntsaye da ke nan, baƙi biyu da suka fake a ciki suka rasa rayukansu.

A kan hanyar fadamar akwai wani tsuntsu da suke kira bonksi, ƙato, mai launin ƙasa, ɗan fashin sararin sama. Yakan bi ganet ya cafki fiffikensa har ya amayar da kifin da ya haɗiya, yakan kuma kashe fafin ya cinye. Wanda ya matsa kusa da sheƙarsa sai ya ji shi fuu a kan ƙeya, irin yadda shirwa take yi wa mai tallan nama. A 1831 ma'aurata uku kaɗai suka rage a nan, iyalin Edmondston masu ƙasar suka hana harbinsu, suka yaɗu har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattararsu a duniya. Sai murar tsuntsaye ta zo a 2021 da 2022. Ƙidayar da aka yi bayanta ta nuna kusan kashi uku cikin huɗu na bonksin Sikotlan sun tafi. An gaya mana a da ba ka ratsa fadamar nan sai ka ɗaga sanda bisa kanka. Mu mun ratsa hannu a aljihu.

Fafin suna nan a leɓen tsaunin, suna shiga ramuka suna fita, ba su damu da mu ba. Ana roƙon baƙi su tsaya a kan hanya, domin ƙasar wurin duk rami ce a ƙarƙashi, taku ɗaya na ganganci zai rufta da ƙwai ko ɗan tsako. Mutane kuwa suna kiyayewa, na ga masu ɗaukar hoto suna rarrafe da ciki don kada su firgita tsuntsu. To amma abin da ke cin fafin ba a kan tsaunin yake ba, yana cikin ruwa, inda mai kallo ba ya gani. Abincin 'ya'yansa wani siririn kifi ne mai maiƙo, kamar tsawon yatsa, wanda yake binne kansa cikin yashin ƙasan teku. Shi kuma kifin yana rayuwa ne a kan waɗansu ƙananan halittu masu son ruwan sanyi. Da tekun ya ƙara ɗumi sai halittun nan suka ja arewa, waɗanda suka maye gurbinsu ba su kai su maiƙo ba, ba sa kuma yawaita a lokacin da 'ya'yan kifin ke bukatarsu. Kifi ya ragu, ya kuma ƙanƙance. Tun a shekarun 1980 Shetland ta ga shekarun da 'ya'yan tsuntsaye suka yi ta mutuwa da yunwa a sheƙa. A tsakiyar shekarun 2000 an ga iyayen fafin suna kawo wani dogon kifi mai tauri kamar tsinke, wanda ɗan tsako ba ya iya haɗiyewa, ana tarar da shi matacce a rami ga abinci tuli a gabansa.

Nan lissafin ƙwai ɗaya yake shigowa. Tsuntsun da yake yin ƙwai goma yana iya mai da asarar shekara guda a shekara mai zuwa, fafin ba ya iyawa. Kuma da yake manyan suna da tsawon rai, sai a yi shekaru ana ganinsu a bakin ramuka ana cewa lafiya lau, alhali babu matasan da za su gaje su. A tsibirin Fair Isle, kudu da Sumburgh, inda ake ƙirga su a kai a kai, sun ragu daga wajen 20,000 a 1986 zuwa wajen 10,000 a 2012. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa fafin cikin jerin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu. Bugu da ƙari, mutum ma yana takara da shi a kan kifin, domin manyan jirage, akasari na Danmak, sun daɗe suna kwasarsa a Tekun Arewa ana niƙawa a yi abincin dabbobi da na kifin kiwo. A watan Maris na 2024 aka haramta wannan su a ruwan Sikotlan da na Ingila da ke Tekun Arewa. Tarayyar Turai ta kai ƙara, kotun sasantawa a birnin Hague ta duba a 2025, ta bar haramcin ruwan Sikotlan yadda yake. A ganina an yi daidai, ko da yake an makara, kuma hana jirage su bai sanyaya ruwan teku ba.

Mun kwana biyu a gefen Burrafirth, a wajen iyakar gandun tsuntsayen, muna hawa tsaunin da yamma, lokacin da fafin suka fi taruwa a bakin ramuka. Mai son ganinsu ya zo tsakanin Mayu da ƙarshen Yuli. Da Agusta ya kama sai su watse cikin 'yan kwanaki, kamar yadda shamuwa take ɓacewa daga kan itatuwanmu idan damina ta ja baya. A teku kwalliyar bakin takan ɓare ta zube, fuskar ta yi duhu, har wanda ya san shi a watan Yuni ba zai shaida shi a Disamba ba.

A kan katangun dutsen da muke jingine kekuna akwai wani ɗan tsuntsu mai toka-toka, da fari a tushen wutsiyarsa, wanda yakan tashi daga dutse zuwa dutse a gabanmu duk tsawon tafiyar, Turawa suna ce masa wheatear. Shi ba teku yake nufa ba idan sanyi ya matso. Kudu yake yi, ya ƙetare Turai da Bahar Rum da Hamadar Sahara, ya yi rani a ƙasashen bakin hamada tun daga Senegal har Sudan, har da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Daga watan Oktoba akan gan shi a gonakin da aka girbe, a tsaye bisa kunya ko kututturen dawa, yana kaɗa wutsiya.